Tsakanin Madubi da Madubi

Ƙarfe biyar na asuba a São Paulo,
Jucélia ta ɗora ruwan kofi.
Ba ta ce mini a dawo lafiya.
Ta bar faɗa tun ranar da ta faɗa wa ƙanenta Ademilson,
ya amsa da dariya, bai dawo ba.
Yanzu sai dai ta ja zif ɗin rigata har wuya,
ta bugi ƙirjina sau biyu
kamar mai gwada nunar kankana.

Ina da hanyar da babu ita a taswira,
siririn lungu tsakanin mota da mota,
faɗinsa kamu biyu, wani lokaci ko hakan bai kai ba.
A nan gonata take.
Madubin hagu, madubin dama,
gwiwar hannuna ta san tazarar kowanne
kamar yadda harshe ya san zama da haƙora.

Ba na duban fuskar direba, tayar gaba nake duba.
Direba kan yi ƙarya, sigina ma haka,
taya ba ta iya ba.
Ina karanta ƙeyar mai tasi in ta sunkuya kan waya,
da ƙofar da za a buɗe babu sallama,
da sheƙin baƙin mai bayan yayyafin farko.
Wayata ta ba ni minti goma sha biyu
a tafiyar minti ashirin.
Ragowar takwas ɗin daga fatata ake yanka su.

A gaban babur ɗina akwai wani siririn ƙarfe a tsaye,
bakinsa lanƙwashe kamar ƙugiya.
Baƙo zai ɗauka eriyar rediyo ce.
Yaran tudu ne ke tayar da tsuntsun takarda,
zarensa shafe da garin kwalba,
in ya tsinke sai ya gitta titi
daidai maƙogwaro.
Ademilson ya ce sai an biya shi ran Juma'a zai saya.
Ranar Laraba ce.

Da rana muna fakewa a ƙarƙashin gada,
kowa da maganinsa.
Valdeci ya manna hoton waliyyiya a cikin hular kwano,
Genilson ba ya wanke safar hannun hagu,
ya ce ita ta sha kwalta a madadinsa.
Ni na rubuta rukunin jinina a ƙeyar hula,
kusa da tauraron da Tainá ta liƙa,
don mai ɗaukata kada ya ɓata lokacin tambaya.
Ba mu kiran abin da sunansa.
Mu kan ce wane ya sayi fili a titi,
a yi dariya, a zagaya da hula,
a tara wa matarsa kuɗin haya.
Dona Creuza mai burodi tana ƙirga mu da ido,
in ba mu cika ba, ba ta tambaya,
sai ta ƙara wa kowa sukari.

Tsoro fasinja ne, ba ya biya, ba ya sauka.
Na bar shi a baya, ya riƙe ƙuguna,
amma ban taɓa ba shi tuƙi ba.
Ranar da na ji kujerar baya ta yi sakayau,
ranar nake gangarawa gefe in kashe inji,
in jira shi ya iso.
Wanda ya bar nasa a gida shi muke tara wa kuɗi.

Goma na dare, hawan unguwarmu.
Na murza sau biyu daga bakin kwana
don ta ji, ta sauke numfashi.
Da na jingine babur a jikin bango
sai na ga abu yana reto a bakin ƙugiya:
zare, tsawon taƙi ɗaya,
yana ƙyalli a hasken fitilar maƙwabta.
Ban san a wane titi muka haɗu ba.

Na warware shi a hankali, ya ɗan lashi yatsana.
Na dunƙule, na cusa a aljihu,
na tsotse jinin.

Ta buɗe ƙofa, ta zuge zif ɗin.
Yaya hanya?
Na ce, cunkoso ne kawai.